Jar Akuya Ko Baƙuwa: Wacce Za Ka Ɗaure A Turke?

Kwanan baya wani maƙwabcina a nan Auyo ya zo mini da shawara. Ya sayar da shinkafar rani, kuɗi sun shigo hannu, yana so ya fara kiwon awaki na kasuwa. An nuna masa hoton wani ƙaton bunsuru fari mai jan kai, wanda ake kira Boer, sai ransa ya biya. Amma kuɗin nan daga cikinsu ne za a biya wa yara makaranta. Saboda haka na ce masa mu zauna mu yi lissafi tukuna. Ga abin da muka tattauna, ko zai amfani wani.

Mu fara da ta gida. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ba abin rainawa ba ce. Fatarta ce ayari suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Nauyin babba wajen kilo 25 zuwa 30 ne. Cikinta wata biyar ne, takan haifi tagwaye, in kuwa ta sami kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Ta saba da zafinmu, tana rayuwa da harawa, da dusa, da 'ya'yan gawo. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kanta. Haka kuma a zamanin Gwamna Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, gwamnatin Jigawa ta raba wa mata awaki uku-uku don su zama musu jari.

To, baƙin fa? Boer da Kalahari daga Afirka ta Kudu suke, don nama ake kiwonsu. Bunsurun Boer yakan kai kilo 100. Saanen kuwa daga Suwizalan take, ta madara ce, ba ta jure zafin rana. Girman nan da kake gani abinci ne ya kawo shi. Akuyar da ta ninka tamu uku a jiki ba za ta ƙoshi da abin da tamu ke tsinta a bayan gida ba. Kuɗin bunsuru guda kuma zai saya maka garken jajaye. In ya mutu, jarinka duka ya tafi dare ɗaya.

Sai mu dubi ƙasarmu. Auyo fadama ce. Ruwan Kogin Haɗejiya albarka ne ga shinkafa, amma inda ruwa ya kwanta, nan katantanwa take yaɗa tsutsar hanta, danshi kuma yakan ruɓar da kofato. Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, sa'ad da mutane suka kora dabbobinsu zuwa tudu, ba rumfa, ba harawa. A irin wannan rana wace akuya ce za ta kai labari? Wadda ta saba da wuya.

Wannan ba ya nufin a guji baƙi ɗungum. Akwai hanyar tsakiya, watau ruwa-biyu. Ka tara jajayen mata masu lafiya, in ka ƙware sai a kawo baƙon bunsuru ya yi musu barbara. 'Ya'yan sukan fi uwayensu saurin girma, su kuma fi ubansu juriya. Gida biyar ko shida, ko zumuntar mata, suna iya haɗa kuɗi su sayi bunsuru ɗaya, don in hasara ta zo kada ta faɗa kan mutum guda. Sai dai a bar uwayen da suka manyanta ne su ɗauki cikin, gama ƙaramar akuya takan sha wuyar haifar babban ɗa.

Ko wacce ka zaɓa, ka kiyaye abu biyar. Ka yi musu allurar rigakafin annobar da likitoci ke kira PPR, mai kawo majina da zawo da gyambon baki. A Vom kusa da Jos ake yin maganin. Ka ba su maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta. Ka gina musu ɗaki a kan tudu. In ka sayo sabuwa, ko daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ce, ka ware ta mako biyu ko uku kafin ta shiga garke. Ka kuma auna lokacin sayarwa da Babbar Sallah da Kirsimeti, sa'ad da dabba take daraja.

Maƙwabcin nawa dai ya sayi jajaye takwas da bunsurun gida ɗaya, ya ajiye kuɗin makaranta gefe. Ya ce Boer sai baɗi, in harawa ta cika rumbu. Na ce masa ya yi daidai, gama da na hannu akan kama na dawa.