Makarantar 'Ya'yan Soja ta Zariya

A zamanin da, in aka ce da yaro ɗan bariki, to, an gama zaginsa. Malami ba ya sa shi cikin almajiran da yake sa rai da su, falke kuwa ba ya ba shi riƙon jakar kuɗi. Laifin ba na yaron ba ne. Ubansa soja ne, bana suna Zariya, baɗi a kwashe su zuwa Inugu ko Ikko, sai ya bar allonsa bai kai ko Sabbi ba.

Ita rundunar da Hausa aka gina ta. Tun daga mutanen da Glover ya tara a Ikko a 1863 har zuwa Yaƙin Hitila, da Hausa Bature yake magana da sojansa, ba a kuwa tambayar kurtu ko ya iya riƙe alƙalami. Da yaƙi ya kai sojan Nijeriya Habasha da Bama, sai ga motoci da wayar iska da taswira, aka ga ƙarfin zuciya kaɗai bai isa ba. Ga kuma mulkin kai ya matso, Turawan da ke riƙe da aikin saje da samanja suna shirin komawa gida.

Saboda haka ran 20 ga Mayu, 1954, aka buɗe makaranta a barikin horon kurata na Zariya, aka sa mata suna Boys Company, watau ƙungiyar yara. Da yara 30 aka fara, 'ya'yan soja da waɗanda soja ke riƙo. Shugabanta na fari kuwa ba Bature ba ne, Kyaftin Wellington Bassey ne, ɗaya daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka zama hafsa. Ana haɗa musu fareti da karatu da lissafi, don su fito ƙananan shugabannin soja masu ilimi.

A 1960 aka sāke mata suna, ta zama Makarantar Soja ta Nijeriya, daga baya 'ya'yan farar hula ma suka riƙa shiga ta hanyar jarrabawa. Waɗanda aka nufa da igiyar saje sun wuce nan nesa. Tunde Idiagbon ya zama na biyu ga Janar Buhari daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, David Mark ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015, Joseph Garba kuwa, wanda ya yi shelar kifar da Janar Gowon a rediyo a 1975, shi ya hau kujerar shugaban babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989.