Tantance Sahihi da Ƙagagge Cikin Zantuttukan Tayar Mota

Duk wanda larura ta kai shi sayen taya a birnin Abuja, ko a rumfunan Apo ne, ko a Gudu, ko a kasuwar kayan mota ta Zuba, zai tarar tun kafin ya sa hannu a aljihu an cika masa kunne da fatawoyi iri-iri, mai taya da tasa, mai faci da tasa, direban haya da ke zaune a benci shi ma da tasa, kowa kuwa yana faɗin tasa da cikakken yaƙini. Cikin waɗannan zantuttuka akwai sahihi, akwai mai rauni wanda gaskiya ta cuɗanya da kuskure a cikinsa, akwai kuma ƙagagge tsantsa. Da yake kuwa al'amarin ya shafi rayukan bayin Allah, ba dukiyarsu kaɗai ba, ya wajaba a bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗora kowanne bisa ma'auni. Mota dai, komai girmanta da tsadarta, wuri huɗu take taɓa ƙasa, kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kan wuraren nan huɗu birki da sitiyari suke dogara.

Abin da ya ƙara wa jita-jita ƙarfi a ƙasar nan shi ne tsawon hanyar da taya ke bi kafin ta iso ga mai mota. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa ya rufe tasa ta Ikeja a 2008, daga nan tayoyin da muke hawa suka zama kusan dukkansu daga ƙetare ake shigo da su, suna ratsa jirgin ruwa da sito da hannun dillalai da yawa, ta yadda mai saye a Abuja ba shi da sanin isnadin abin da aka miƙa masa. Amma ita taya tana ɗauke da shaidarta a rubuce a jikinta, wanda ya iya karanta rubutun nan kuwa ba ya bukatar fatawar kowa.

Magana ta farko, wadda ta fi kowacce yaɗuwa, ita ce wai kowace taya tana da ranar mutuwa a rubuce, kuma da ta cika shekara huɗu ta mutu. Wannan magana rabinta gaskiya ne. Babu kamfanin da ke buga ranar ƙarewar aiki a jikin taya. Abin da ake bugawa ranar ƙira ce, watau lambobi huɗu da ke ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, saboda haka 3522 na nufin an ƙera ta a mako na 35 na shekarar 2022. Shekara huɗun nan ƙa'ida ce ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 kuma hedkwatarta ke nan Abuja, ita ce take yi wa masu mota gargaɗi da wannan adadi. Su masu ƙira sun fi haka sassauci: Michelin na ba da shawara a riƙa kai taya ga gwani ya duba ta duk shekara idan ta kai shekara biyar tana aiki, a kuma sauke ta idan ta cika goma ko da zanenta na nan daram, yayin da wasu kamfanonin motoci suka tsaya a kan shida. Gaskiyar da ke ƙarƙashin saɓanin nan ita ce roba tana tsufa ko ana hawanta ko ba a hawa, domin iska da rana suna busar da ita har ta fara tsattsagewa, zafi kuwa yana gaggauta wannan tsufa. Tayar da ta sha ranar watan Maris a Abuja, tana jingine a bakin rumfa babu inuwa, ba za a yi mata ƙiyasi da wadda ke ajiye a sito mai sanyi a Turai ba. Don haka mai hankali zai ɗauki shekara huɗu a matsayin ihtiyaɗi da ya dace da yanayinmu, ya ƙi sayen wadda ta riga ta cinye shekara biyu ko uku a kanti, ya kuma tuna cewa hukuncin nan ya haɗa da safayar da ke kwance a but.

Magana ta biyu ita ce wai tayar Beljiyam, watau ta hannu da ake shigowa da ita daga Turai, ta fi sabuwa ƙarko, musamman sabuwa 'yar Sin. A nan ma akwai ɗan abin da ya haifi zancen, domin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sha kama sababbin tayoyi waɗanda masu shigo da su suka cusa ɗaya cikin ɗaya, har huɗu ko biyar, don su rage kuɗin dako, kuma wannan cushe yana lanƙwasa wayar da ke bakin taya ya raunana gefenta tun ba ta taɓa kwalta ba. Wanda ya taɓa faɗawa hannun irin waɗannan yana da uzuri idan ya yanke ƙauna daga sabuwa. Sai dai maganin sabuwa mara kyau shi ne sabuwa mai kyau daga amintaccen dila. Tayar hannu tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manya na tirela da ake sabunta musu zane, kuma haramcin yana da illa bayyananna: babu wanda ya san ramin da ta faɗa, ko tsawon tafiyar da ta yi babu iska, ko dalilin da ya sa mai ita na farko ya yar da ita. Da yawansu ma tayoyin hunturu ne, masu alamar dutse mai tsini uku da ƙanƙara a cikinsa, waɗanda aka yi robarsu da laushi domin sanyi, idan suka hau kwaltar Lokoja da rana tsaka sai su yi ta cinyewa da sauri, birki kuma ya yi tsawo. Akwai kuma masu ha'inci da ke ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai ta yi sheƙi. Mai lura zai ga layukan ba su daidaita ba, wani wuri zurfi wani wuri sama-sama, wani lokaci har zaren ciki yana leƙowa. Ƙasar da aka yi taya kuwa ba ita ce hujja ba, domin manyan kamfanonin duniya su ma suna da masana'antu a Sin.

Magana ta uku, wadda a ganina ta fi sauran haɗari, ta shafi iska, kuma ta kasu gida biyu masu karo da juna. Wasu na cewa a rage wa taya iska lokacin zafi ko kafin doguwar tafiya, don kada ta kumbura ta yi bindiga. Wasu kuma na cewa a ɗura mata har lambar da ke rubuce a gefenta, shi ya sa za ka ga mai faci ya tsuguna da gejinsa yana ba ƙaramar mota 45 ko 50. Dukkan biyun ɓatattu ne. Lambar da ke gefen taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, adadin da ya dace da motarka kuwa yana kan 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko cikin murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 da 35. Iskar da ta yi yawa tana cinye tsakiyar zane ta rage kamun ƙasa. Amma ƙarancin iska shi ne babban makashi, domin tayar da ba ta cika ba gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi yana haifar da zafi a cikinta, zafin kuma yana raba roba da wayar ƙarfen da ke riƙe da ita har ta ɓalle ana cikin gudu. Amurka ta ga wannan a watan Agusta na 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5, akasarinsu a kan motocin Ford Explorer, bayan haɗurra masu yawa da suka fi aukuwa a yankuna masu zafi, inda aibin ƙira ya haɗu da ƙarancin iska da gudu. Sakamakon haka aka yi doka a can da ta wajabta wa sababbin motoci na'urar gargaɗin iska tun daga 2007. Hanya madaidaiciya ita ce a auna iska da safe taya na da sanyi, aƙalla sau ɗaya a wata, kuma idan an tsaya a hanya aka ga lambar ta hau saboda zafin tafiya, kada a sace ta, domin masu ƙira sun riga sun yi lissafin wannan hawa. Iskar naitirojin da ake tallatawa ba ta da laifi, amma kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa ita ce, saboda haka ba ta ɗauke wa kowa wajibcin aunawa ba.

Ana kuma cewa harafin A, B ko C da ke jikin wasu tayoyi yana nuna nahiyar da aka yi wa tayar. Haƙiƙa harafin darajar jure zafi ne yayin gudu, A ce mafi girma, C mafi ƙanƙanta, don haka nasihar a nemi A ko B tana da kyau ko da dalilin da ake bayarwa bai inganta ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jerin da ke nuna girma, misali 195/65 R15 91H, wanda ke nufin faɗin milimita 195, rim mai inci 15, nauyin kilo 615 ga kowace taya, da iyakar gudun kilomita 210 a sa'a. Kada a sauka ƙasa da abin da mai ƙera motar ya ƙayyade, musamman ga mai lodin fasinja da kaya zuwa Nyanya da Mararraba.

Wanda ƙarfinsa bai kai ya sayi huɗu ba, ya sayi biyu, galibi akan ce masa ya sa su a gaba tun da can injin da sitiyari suke. Masu ƙera taya sun yi ittifaƙi a kan akasin haka: sababbi a baya ake sa su, domin idan gaba ya zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta direba yana ji a hannunsa ya sassauta, amma idan baya ya zame motar juyawa take yi, kuma kaɗan ne ke iya dawo da ita. Wannan ya fi bayyana da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke kwanciya a kan babban titin Kubwa da na filin jirgi, domin aikin zane shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6, idan zane ya suɗe har ya yi daidai da su, tayar ta gama aikinta. Sahihi ne kuma cewa ana iya yin facin hudar ƙusa idan a tsakiyar zane take, amma kumburi ko yanka a gefe ba shi da magani sai canji. Haka nan sahihi ne cewa sauya wa tayoyi wuri bayan kowace tafiyar kilomita 8,000 zuwa 10,000, tare da daidaita ƙafafun mota, yana ƙara musu kwana.

Saura magana guda, ita ce zaton da ke zukatan direbobi da yawa cewa idan taya ta yi bindiga sai a danne birki. Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu mai yawa, aka taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace ta wuntsila. Ya kuma ambaci cewa ba a ɗaura tayoyin ta fuskar da ta dace ba, kuma na kujerar baya ba su ɗaura bel ba. Darasin a fili yake. Idan taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙe sosai, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai gudu ya ragu sannan a taɓa birki a gangara gefe. Tayar da aka rubuta mata gefen waje, ko aka zana mata kibiya, a tabbata mai faci ya bi rubutun. Iyakar gudun ƙaramar mota a tagwayen babbar hanya kuwa kilomita 100 ne a sa'a.

Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa tawakkali yana kore riƙo da sababi ba, kuma wanda ya ɗauki iyalinsa ko fasinja a mota ya karɓi amanar rayuka da za a tambaye shi a kanta. Haka mai sayarwa: wanda ya san aibin taya ya ɓoye, ko ya goge lambarta, ko ya sake yanka mata zane, ya ci haram, kuma yana da kaso cikin alhakin duk abin da ta jawo. Ina roƙon kowane mai mota a wannan birni ya tsuguna gaban tayoyinsa biyar a cikin makon nan, ya karanta ranar ƙirarsu, ya duba zanensu da gefensu, ya gwada iskarsu da abin da ke rubuce a ƙofar motarsa, wadda ta gaza kuwa ya sauke ta kafin tafiyarsa ta gaba. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu a hanyoyinmu, amin.