Yadda Gari Ke Cin Moriyar Tsohon Kayansa

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu, su gane wata hanyar tattali wadda masanan gine-gine su ke kira a koma mata. Manufarta ita ce, kada abin da aka yi gini da shi, ko abin da gari ya zubar, ya zama asara, sai dai ya sake komowa cikin aiki. Birnin Kano misali ne, gama ya daɗe bisa wannan hanya.

1. Kayan Gini

Tun zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), wanda ya fara ganuwar Kano, da Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya faɗaɗa ta, magina sun dogara ga ƙasa. A kan kwaɓa ta da ciyawa, a yi tubali, rana ta busar da shi, ba sai an ƙona itace ba. In soro ya faɗi, sai a tara ƙasarsa, a jiƙa, a sake kwaɓawa. Azara kuwa, wadda a ke tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, don haka a kan cire ta daga tsohon ɗaki a rufa sabo.

Abin shafen bango ma daga saura a ke samunsa. Makuba kwasfar ɗorawa ce. Laso kuwa da katsi a ke yinsa, watau abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a ƙona, a daka, a gauraya da gashin awaki da dafara. Ta haka sauran marini ya ke zama kayan magini.

Siminti ba haka ya ke ba. Sai an gasa dutse da wuta mai tsanani kafin a same shi, har an ƙiyasta kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da mutane ke fitarwa, mai ɗumama duniya, daga yinsa ta ke. Bulo kuma in ya farfashe, galibi iyakar amfaninsa cikon rami.

2. Kududdufi

Ramin da aka ɗebi ƙasar gini shi ke zama kududdufi, inda ruwan unguwa ke taruwa da damina. In aka cike shi aka yi gini a kai ba tare da an gyara magudana ba, ruwa ba shi da wurin zuwa sai gidajen talakawa.

3. Taki

A da, da rani manoman karkarar Kano su kan shiga birni da jakuna, su kwashe toka da kashin dabbobi da sharar gida a mangala, su kai gonaki. Wannan taki na cikin abin da ya sa a ke noma gonakin kowace shekara ba hutu. Leda ce ta kawo cikas: ba ta ruɓewa, ta kan toshe magudana, awaki kuma su kan ci ta su mutu.

4. Abin Da Ya Kamata a Yi

(a) Hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni a riƙa ware leda da kwalba da ƙarfe daga sharar taki. Ƙarfe da goran ruwa suna da masu saye.

(b) Malaman hakimi su rubuta kududdufan gunduma cikin littafi, kada a ba da izinin gini a kan ko ɗaya sai an duba hanyar ruwa.

(c) In za a rushe gida, a tsame azara da ƙyamare tukuna, a ajiye ƙasar domin wani gini.

(d) A hana saran giginya da ɗorawa barkatai, a kuma shuka waɗansu. Giginya tana daɗewa kafin ta isa tsagawa. Wanda ya shuka ta yau, 'ya'yansa ya yi wa tanadin rufi.