Kwalejin Bronx: makarantar da ƴaƴan ƴan kasuwa ke shiga a New York

Da wuya a samu babbar kasuwa a Maradi, Damagaram ko Tawa wadda ba a san wani nata da ya tafi fatauci New York ba. Tun wajen 1990 ƴan Nijar ke baza hajarsu a titi na 125 na unguwar Harlem, kafin hukumar birnin ta tashe su a 1994 ta maida su kasuwar titi na 116. Yau ƴaƴansu sun girma, da yawa suna zaune a unguwar Bronx, kuma abin da ke gaban iyaye shi ne inda yaro zai ci gaba da karatu ba tare da jari ya karye ba. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ake bugawa ita ce Bronx Community College, kwalejin gwamnati ta shekara biyu.

An kafa wannan makaranta a 1957, ta soma karatu a 1959 ƙarƙashin shugabanta na farko, Morris Meister. A 1961 ta shiga cikin jami'ar birnin da ake kira CUNY. Daga 1970 aka buɗe ƙofa ga duk ɗan birnin da ya gama sakandare, ɗalibai suka yi yawa har wuri ya kasa. A 1973 ta koma wani babban fili bisa tudu wanda jami'ar NYU ta saida saboda matsin kuɗi. A lokacin karatu kyauta ne, amma da baitulmalin birnin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi sai aka soma biya a 1976.

Me ake koyo? Akwai aikin jinya, ɗaukar hoton ƙashi a likita, gwajin jini, gyaran mota, lissafin kuɗi, tafiyar da kasuwanci da aikin kwamfuta. Karatun ana auna shi da maki, kamar yadda ake auna hatsi da tiya: akasarin fannoni maki 60 ne ke ba da takardar shaida. Mai takardar yana iya kama aiki, ko ya wuce jami'a ya ƙara shekara biyu. Ana yin aji da dare da ƙarshen mako, abin da ke ba mai tuƙin taksi ko mai kitso damar neman abinci da rana. Wanda Ingilishinsa bai nuna ba, akwai shirin koyon harshen kafin ya shiga aji.

To sai maganar kuɗi, kuma a lura dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba. A farashin 2023, mazaunin birnin yana biyan dala 2,400 a zango, wato 4,800 a shekara. In an lissafa dala guda a kan sefa 600, ya kama miliyan 2 da jika 880. Baƙon da ya zo da bizar karatu kuwa dala 320 yake biya kan kowane maki, ke nan maki 60 sun tashi dala 19,200, sama da sefa miliyan 11 da rabi. Wannan kuɗin aji ne kawai. Hayar ɗaki, abinci, littattafai da kuɗin jirgin ƙasa suna nan suna jira, kuma haya kaɗai a New York takan zarce kuɗin makarantar.

Akwai tallafi, sai dai ba na kowa ba ne. Taimakon gwamnatin tarayya da ake kira Pell na ɗan ƙasa ne da mai katin zama na dindindin, mai bizar karatu ba ya ciki. Shirin ASAP da aka soma a 2007 yana cika gibin kuɗin aji, ya taimaka da littattafai da kuɗin sufuri, bisa sharaɗin ɗalibi ya yi cikakken karatu kuma ya riƙa ganin mai ba shi shawara. Shi kuma mai bizar karatu doka ta taƙaita masa aiki: cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu. Duk wanda ya ce yaro zai ciyar da kansa da wannan, bai yi lissafi ba.

Wani abin lura kuma, a watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar shiga. Saboda haka, Hajiya, kada wani dillali ya sa ki saida zinari ko ki kwashe adashi da sunan zai samo wa yaro biza. Amma in ɗanki ko jikanki yana can da takardun zama, ki tambaye shi ko ya nemi tallafin da yake da haƙƙi a kai, domin da yawa ba ya wuce cika takarda a kan lokaci. Allah ya sa mu dace.