Yadda Matan Wajir Suka Kashe Wutar Gaba Da Zama A Kan Tabarma Ɗaya

Uwargida, sau nawa kika ga an daina gaisawa tsakanin maƙwabta saboda zaɓe? Wata ta ƙi zuwa sunan ƙawarta don mijinta na wata jam'iyya, wata ta hana 'ya'yanta shiga gidan da aka liƙa hoton ɗan takarar da ba nata ba. A wannan watan mun kawo miki labarin wasu mata da gabarsu ta wuce nan nesa, har ta kai ga zubar da jini, amma suka warware ta da magana.

Wajir gari ne a arewa maso gabashin Kenya, mazaunansa Somaliyawa ne Musulmi, mafi yawansu makiyayan raƙuma da awaki. Fari mai tsanani na 1991 zuwa 1992 ya karkashe dabbobi, bindigogi kuma suka kwararo daga Somaliya bayan faɗuwar gwamnatin Siyad Barre. Ana cikin haka aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa a Disambar 1992, kowace zuriya tana ganin in ba nata ne ya ci kujera ba, to rijiya da makiyaya sun kuɓuce mata. Nan faɗa ya ɓarke tsakanin zuriyoyin Degodiya da Ajuran da Ogaden, aka rasa rayuka sama da dubu.

Har kasuwa abin ya shiga. Mace ba ta sayar wa 'yar wata zuriya nono, ƙaramar magana sai ta zama dambe, maza su ji a gida su ɗauki makami.

A shekarar 1993 wasu mata 'yan kaɗan daga zuriyoyin da ke gaba suka yanke shawarar zama tare. Cikinsu akwai Dekha Ibrahim Abdi, malamar makaranta, haifaffiyar garin a 1964. Hikimar da suka yi ita ce ba su fara da tambayar wa ya fara kisa, ko wa ya yi maguɗi ba. Sun fara da abin da ba mai musu a kansa, wato kowace uwa tana son ta je kasuwa ta dawo lafiya, ta ɗora wa 'ya'yanta tukunya. Suka kafa doka cewa kasuwa ta kowa ce, suka sa mata masu sa ido a kullum, da zarar cacar baki ta tashi sai a kira masu rigimar a saurari kowacce tun abin bai isa kunnen maza ba.

Da kasuwa ta lafa, sai suka nufi dattawa. A nan ma sun yi dabara, suka roƙi dattawan ƙananan zuriyoyi waɗanda ba su cikin rikicin su shiga tsakani. An sha zama ana tashi baram-baram, kowa yana amayar da abin da ke cikinsa, amma ba a daina dawowa ba, har aka cimma yarjejeniyar Al-Fatah a cikin wannan shekarar. A 1995 aka kafa kwamitin zaman lafiya da ci gaba na Wajir, wanda ya haɗa mata da matasa da malamai da 'yan kasuwa da jami'an gwamnati.

Wannan darasin ne Dekha ta kai Nairobi sa'ad da zaɓen Disambar 2007 tsakanin Mwai Kibaki da Raila Odinga ya jefa Kenya cikin tarzomar da ta ci rayuka fiye da 1,000. Ita da wasu dattawan ƙasa suka buɗe zaure a otal ɗin Serena, inda kowace safiya mutane daga kowane ɓangare ke zuwa su faɗi ra'ayinsu, ana tattara shawarwarin ana miƙa wa masu sasantawa. Ranar 28 ga Fabrairu, 2008, Kofi Annan ya sa shugabannin biyu suka rattaba hannu kan raba mulki.

Ki lura, 'yar uwa, babu wadda aka ce ta bar zuriyarta ko ra'ayinta. Abin da aka nema kawai shi ne ta zauna, ta bari 'yar uwarta ta gama magana, ta soki ra'ayi ba tare da zagin iyaye ba. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfin tsakar gidanki. In musun siyasa ya taso a gidan biki, ki ja zancen zuwa abin da ya dame ku duka: tsadar hatsi, maganin asibiti, makarantar yara. Ki kuma kiyaye bakinki a gaban 'ya'ya, domin sunan da kika kira maƙwabciya da shi yau, shi ɗanki zai fita da shi gobe.

Dekha ta samu lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin a 2007, ta rasu a watan Yulin 2011 sakamakon hatsarin mota. Allah Ya jiƙanta da rahama, mu kuma Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.