Sankarar Bakin Mahaifa: Zuwa Asibiti da Wuri Shi Ne Rabin Magani

Matan Ikara, Makarfi da Kudan suna da wata dama da matan yankuna da yawa ba su da ita: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da sashen masu ciwon daji, yana nan kusa da su. Amma kusanci bai isa ba idan mace ba ta je ba sai ciwo ya ci jiki. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu. Babban abin da ya kawo yawan mace-macen nan shi ne makara.

Cutar tana da matakai, kowane da irin maganinsa. Ƙwayar HPV da ke haddasa ta takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara. A wannan tsakanin, ma'aikaciyar lafiya za ta iya shafa ruwan gwaji a bakin mahaifa, ta ga wurin da ya sauya, a ƙone shi ko a daskarar da shi cikin 'yan mintuna. Idan sankarar ta fara amma ba ta bazu ba, tiyatar cire mahaifa takan wadatar. Idan ta taɓa maƙwabtan gaɓoɓi, sai a haɗa gashi da maganin sisfilatin na tsawon makonni. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa cikin mata 100 da aka gano cutarsu tun ba ta bazu ba, kimanin 90 na kai shekara 5 a raye. Idan ta yi nisa a jiki, ba su wuce 20 ba.

Wani zai ce ai daji ba ya son ƙarfe, an ga waɗanda aka yi wa aiki suka rasu. Gaskiya ne an gani, sai dai akasarinsu sun shafe watanni suna shan jiƙe-jiƙe kafin a kai su, ciwon ya riga ya gama ɓarna. Wani kuma zai kawo maganar kuɗi, kuma yana da hujja, domin gashi da magani kan cinye abin da manomin rake ko na tumatir ya tara a shekara. To, wannan hujjar ma gwajin wuri take ƙarfafawa, tunda shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka, jini bayan saduwa, ko bayan an daina al'ada, ko ruwa mai wari, ba abin ɓoyewa ba ne don kunya. Maigida ya ba da izini da kuɗin motar zuwa asibiti. Tun 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, iyaye su kai 'ya'yansu. Hukumomi kuma su wadata asibitocin Ikara, Makarfi da Hunkuyi (ta Kudan) da mata ma'aikata masu iya gwajin, domin a riƙa tare cutar tun kafin a buƙaci zuwa Shika.