Zuma Da Tsuntsaye Barorin Manomi Ne

Bazara ta kama. A Birnin Kebbi da Argungu zafin watan Afrilu ya kan wuce digiri 40, kududdufai su ƙafe, ruwa ya rage sai a Gulbin Rima da rijiyoyin fadama. A irin wannan lokaci manomi ya kan tuna da shanunsa da jakinsa, amma ya kan manta da waɗansu barori nasa da ke yi masa aiki ba lada, watau ƙudan zuma da tsuntsaye.

Ga aikin da zuma ke yi. Yawancin furanni suna da wani gari mai laushi a cikinsu. Sai garin nan ya sadu da macen fure sa'an nan itace ya yi 'ya'ya. Shinkafa da gero da dawa da masara ba su bukatar ɗan aike, iska ta ishe su. Amma kankana da kabewa furensu iri biyu ne, namiji dabam, mace dabam, kuma furen da ya buɗe da safe ba ya kai gobe. In zuma ba ta zo a safiyar nan ba, ɗan da ke gindin furen sai ya yi rawaya ya faɗi, ko ya girma a karkace. Mai lambu ya ɗora laifi a kan iri ko taki, alhali kuwa ɗan aike ne bai zo ba. Haka albasar da a ke bari don iri, da mangwaro, da kaɗanya, duk suna bukatar zuma da ƙudaje. Ɗorawa da kuka kuwa jemagu ne ke yi musu yawancin aikin da dare. A shekarar 2016 masanan duniya sun ƙiyasta cewa kashi uku cikin huɗu na manyan irin amfanin gona suna ƙaruwa da wannan aiki.

To, wani manomin shinkafa zai ce, ai tsuntsu abokin gaba ne. Yana da hujja, domin mutanen fadamar Argungu sun san ɓarnar jan baki. Amma laifin jan baki bai shafi sauran ba. Balbela tana bin garma da shanu tana tsince fara da tsutsa. Shamuwa, wadda ke zuwa gab da damina, fara ce babban abincinta. Tsattsewa tana cafke ƙwari a sama, carki yana cire kaska a jikin shanu. Mujiya ma, wadda mutane ke ƙi, ita ce ke rage ɓerayen rumbu da dare. A shekarar 1958 ƙasar Sin ta sa jama'a su kashe gwarare don suna cin hatsi. Da gwarare suka kusa ƙarewa, sai fara da sauran ƙwari suka yi yawa, ɓarna ta fi ta da, har a 1960 aka janye wannan umurni.

Abin da za a yi musu ba mai tsada ba ne, ko mai gida a Gesse da ba shi da fili sai tsakar gida yana iyawa.

Na farko, ruwa. A sami kasko ko fasasshiyar tukunya, a ajiye a inuwa, a zuba ruwa kaɗan. A jefa tsakuwa ko guntayen kara a ciki don zuma ta sami wurin sauka, in ba haka ba sai ta nutse. Zuma ba don sha kaɗai ta ke ɗibar ruwa ba, da shi ta ke sanyaya amya in rana ta yi zafi. A ɗora kaskon bisa inda kyanwa ba ta kaiwa. Lalle a zubar da ruwan a sake sabo kowane kwana biyu, don kada ya zama gidan sauro. Kasko ɗaya a gida ba zai jawo jan baki ba, shi daga daji ya ke tasowa garke garke.

Na biyu, itatuwa. Gawo da mangwaro suna fure da rani, ɗorawa da dogon yaro su biyo baya, zogale kuwa ya kan daɗe yana yi in yana samun ruwa. Wanda ya haɗa waɗannan ya ba zuma abinci a watannin da daji ya bushe, ya ba tsuntsaye wurin sheƙa. Ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu ya isa ya raya zogale biyu ko uku.

Na uku, maganin ƙwari. Magani bai san aboki ba, bai san maƙiyi ba. Kada a fesa shi a kan shuka tana cikin fure. In ya zama dole, a bari sai gab da magariba, sa'ad da zuma ta koma gida, a kuma bi awon da malamin gona ya faɗa.

Na huɗu, ɗibar zuma. Masu amya da yawa su kan cinna wuta su ƙone ƙudan duka, su kwashe saƙa har da 'ya'ya. Wannan cin yau ne, da yunwar baɗi. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa ya kwantar da su. A ɗebi saƙar da ta nuna, a bar mai 'ya'ya da ɗan abin da za su ci. Amma fa zuma da zaƙi da harbi. Kada a rataye amya cikin gida ko kusa da hanya ko turken dabbobi, a kai ta bakin gona.

Saura yara masu danƙo. Iyaye su nuna musu tsuntsun da za a kora daga gona da wanda za a ƙyale, su kuma hana su kwasar ƙwai a sheƙa.

Manomin da ya ajiye kasko a bazarar nan, a lambunsa zai ga sakamako. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.